Amanar Ƙasa

A ƙauyensu, in aka ambaci Rab Nawaz, sai a ce ai mutumin nan da ya kai ƙaninsa kotu a kan bishiyar mangwaro guda ɗaya, kuma ya ci. Masu shan shayi a rumfar bakin gada suna cewa ya fi sanin hanyar ofisoshin gwamnati a kan hanyar masallaci. Wanzamin ƙauyen ya sha rantsuwa cewa ko sallama ka yi masa, sai ya duba ko akwai shaida a kusa kafin ya amsa. Matarsa Manzuran ba ta cewa komai a kansa. In mata suka matsa mata, sai ta ce, "Ai ba ya duka," ta ci gaba da kwaɓa garinta. Amma duk wanda aka rage wa rabon ruwan gona, ko aka ɓata wa suna a takardar gado, ƙofarsa yake zuwa, ya raɓa a gefen gadon igiya yana kiransa Lala, wato babban yaya.

Ɗansa Liyakat ya ɓata ne a lokacin da babbar magudanar ban-ruwa ta cika ta batse. Ya kai ɓaunar da suke kiwo wanka da hantsi, ɓaunar ta dawo gida ita kaɗai, aka tsinci takalmansa a bakin ruwa. Kafin azahar Rab Nawaz ya riga ya shigar da rahoto wurin 'yan sanda, ya karɓi kwafi mai hatimi. Wannan ma sai da aka yi maganarsa a rumfar shayi, wai mutum bai ko zubar da hawaye ba, takarda ya fara nema.

An bi ruwa da gora da ƙugiya har aka gaji. Manzuran ta daina hura wuta. Maƙwabta ke kawo gurasa da miyar wake, su dawo su ɗauki kwanon yadda suka ajiye shi. Ba ta kuka a gaban mutane. Abu ɗaya take maimaita wa mijinta: "Kai da ka san kowa, ka kawo mini shi. Ko yaya yake."

Sai wani direban tarakta na ƙauyen ya zo da labari. A Kot Mirana, garin da ke can ƙasa inda madatsar ruwa take, an tsamo gawar wani saurayi. Ruwa ya ɓata fuskar, ba wanda ya zo nema, hukumar gari ta binne shi amana, wato na ɗan lokaci, kafin masu shi su zo.

Rab Nawaz ya ɗauki jakar takardunsa ya hau motar farko.

Makabarta ya fara zuwa. Mai haƙar kabari, wani dattijo da ake kira Ramzu, ya kai shi can ƙarshen katanga inda ake ajiye waɗanda ba a san nasu ba. Kabarin sabo ne, kuma wani ya yayyafa masa ruwa da safiyar nan.

"Ka ga hannunsa na hagu?" in ji Rab Nawaz. "Ɗana ba shi da yatsu biyu. Injin yanka ciyawa ya cinye su tun yana ƙarami."

"Sahib, a ɗinke aka kawo mini shi daga asibiti, cikin akwati. Ni ba na buɗe abin da ba ni na rufe ba. Dogo ne dai, don sai da na ƙara tsawon ramin." Ya share gumi da gefen mayafinsa. "Amana na ba ƙasa. Na ce mata, ga baƙo nan, ki riƙe shi yadda na kawo miki shi har watan Muharram ya kama. Kafin nan ba za ta taɓa shi ba."

"In watan ya kama fa?"

"Sai ta ci abinta. Kuma ka sani, ba ta karɓar amana sau biyu. In aka buɗe aka mayar, shi ke nan."

Babbar Sallah ta riga ta wuce, watan ya fara ragewa. Rab Nawaz ya dubi danshin da ke kan kabarin.

"Wa ya zuba ruwan nan?"

Ramzu ya nuna da haɓa. A inuwar katanga wata mace ce zaune, siririya, mayafinta ya koɗe, ga ɗan tulu a gefenta. Ta tashi ta matso, amma ba ta zo kusa sosai ba.

"Fazlan ke nan," in ji Ramzu. "A matoyar bulo take aiki, bayan gari. Ita ma nata ya ɓata."

"Dilawar sunansa," ta ce. "Ya je ɗebo ruwan kwaɓi a magudana, bai dawo ba. Dogo ne."

"Nawa ma dogo ne," in ji Rab Nawaz.

Ramzu ya ɗauki shebur ɗinsa ya ba su wuri.

Ofishin hukumar gari tsohon gini ne mai baranda, da benci guda a ƙofar ɗakin rajista. Munshi Ashik, mai riƙe da rajistar haihuwa da mutuwa, yana zaune ƙarƙashin wata fanka da ba ta juyawa sai ta ga dama. Rab Nawaz bai roƙe shi ba. Ya ajiye masa takardar neman kwafi da ya rubuta da hannunsa, ya tuna masa cewa doka ta ba kowa ikon ganin abin da hukuma ta rubuta, sannan ya nemi a sa masa hannu cewa an karɓa.

Munshi ya dube shi ta saman tabarau. "Lauya ne kai, Baba?"

"Manomi ne."

"Allah ya raba mu da manomin da ya iya karatu. Ka dawo jibi."

"Jibi Juma'a ce, kuna tashi da wuri. Zan jira a bencin nan."

"Bencin ma na gwamnati ne. Ka rubuto takardar neman zama?"

"In akwai fom, ba ni."

Munshi ya yi 'yar dariya ta hanci, ya jawo aljihun tebur.

A waje Rab Nawaz ya tarar da Fazlan, zaune a ƙasa kusa da bencin, ba a kansa ba. Ta daɗe tana zuwa nan, tun kafin shi. Kullum sai a ce mata ta rubuto, ita kuwa ba ta san abin da za ta rubuto ba, ba ta kuma san wanda za ta rubuta wa ba.

Kwafin ya fito kafin mako ya ƙare. Layi ɗaya ne: namiji, saurayi, ba a san shi ba, an binne amana. A gurbin alamomin jiki an ja ɗan zare na tawada. Munshi ya ce alamomi aikin asibiti ne. A asibiti aka ce likitan da ya duba gawar an yi masa canjin wurin aiki, takardarsa kuma tana hannun 'yan sanda. 'Yan sanda suka sa Rab Nawaz zarya, daga bisani suka ba shi hoto: riga mai ruwan toka irin wadda rabin samarin yankin ke sawa, da fuskar da ta tashi daga fuska, hannaye kuma a ƙarƙashin tabarmar da aka rufe shi da ita. Takardar likita ta ce ruwa ne ajalinsa. Ba ta ce komai a kan yatsu ba.

Duk inda ya nufa Fazlan na biye da shi, da 'yar tazara. Bai kira ta ba, bai kuma kore ta ba. Da ya fito da hoton, ya miƙa mata. Ta riƙe shi da hannu biyu ta daɗe tana dubawa, ta juya bayansa ta duba, ta mayar masa.

"Takardar fa, Lala? Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba."

"Duk wannan rubutun?"

"Duk."

Da rana in ma'aikata suka tafi cin abinci, sai ta kwance gefen mayafinta ta fito da gurasa da albasa, ta raba biyu ta ajiye masa rabi a kan benci. Ranar farko ya ƙi. Daga baya ya riƙa ci. Tana ci tana magana ƙasa ƙasa, ba tare da ta dube shi ba. A wata matoya aka haifi Dilawar, a wata gunduma, bayan tarin bulo, matar mai hura wuta ce ta yanke cibi. Daga nan suka tashi zuwa wata matoyar, daga can zuwa wata. Ubansa ya mutu da tari. Yaron ya so yin katin shaida don ya shiga aikin gadi a birni, aka ce ya kawo na ubansa, uban kuwa bai taɓa yi ba. Yana son kifi soyayye. Ba ya iya barci sai ya rufe kansa ruf, ko ana zafi.

Rab Nawaz yana jinta da rabin kunne. Sauran rabin yana lissafin ofishin da ya rage.

"Lala," ta ce wata rana, "abin nan ai mai sauƙi ne. A buɗe mu duba tare. In yatsun ba su cika ba, ka ɗauki naka, ni in taya ka addu'a. In sun cika..." Ta kakkaɓe ɓurɓushin gurasa daga cinyarta.

Ya ga maganar tata daidai ce, ya shiga ya faɗa wa Munshi. Munshi ya cire tabarau ya murza ido.

"Baba, kai ma ka sani. Buɗe kabari sai da izinin alƙali, fayil mai suna biyu kuwa ba ya tafiya. Mutum biyu a kan gawa ɗaya rigima ce. Sai babbar kotu, sai a aika ƙashi birni a gwada jini. Akwai wanda aka aika tun autata tana goye, yanzu ita ke kawo mini abincin rana."

"Muharram ya kusa."

"Kotu ba ta duban wata."

"In suna ɗaya ne fa?"

"In ɗaya ne, hannu kawai alƙali zai sa."

A ƙarshen makon Rab Nawaz ya je gida. Ya tarar an kwantar da Manzuran a tsakar gida, ma'aikacin ɗakin shan magani ya rataye robar ƙarin ruwa a reshen bishiya. Wuyan hannunta ya zama kamar kara. Ba ta tambaye shi lafiyar hanya ba. Ta dubi bayansa, ta ga ba a biyo shi da komai ba, ta juya fuska ga bango.

Alƙalin Kot Mirana matashi ne, mai alamun rashin barci, da tarin fayiloli har kafaɗa. Ya kira Rab Nawaz da Fazlan a rana ɗaya. Rab Nawaz ya jera takardunsa a kan tebur ɗaya bayan ɗaya: ta haihuwa, ta makaranta, katin shaida, rahoton 'yan sanda mai kwanan watan ranar da abin ya faru. Alƙali ya gyaɗa kai ya juya ga Fazlan.

"Ke fa, Bibi?"

"Ni na haife shi, Sahib."

"Na ji. A ina aka rubuta?"

Ta dubi Munshi, wanda aka kira ya zo da rajista. Munshi ya ce ya duba shekarun da ta ambata, da na gaba da na baya, babu wani Dilawar ɗan Fazlan. Ya faɗa idonsa a kan takarda.

Alƙali ya riƙe alƙalami yana juyawa. Ga dukkan alamu bai so ya yanke komai ba, hannunsa ya fara tafiya wajen tarin da ake turawa babbar kotu. Rab Nawaz ya san wannan motsin, ya gan shi a ɗakuna da yawa. Sai ya ji ya miƙe tsaye.

"Sahib, da izininka. Baiwar Allah nan ba ta kai rahoton ɓata ba. Ba takardar haihuwa, ba katin shaida, ba ko sunan makaranta. Rigima sai tsakanin masu hujja biyu. A gaban doka ba a ma tabbatar ta taɓa haihuwar ɗa ba, balle a ce ya ɓata."

Maganar ta fita sumul, ba gargada. Fazlan ta juyo gaba ɗaya ta dube shi.

"Lala," ta ce. 

Alƙali ya ja layi a kan sunanta, ya sa hannu.

An sa ranar Talata da safe, saura kaɗan wata ya mutu. Rab Nawaz yana fitowa da izinin a jaka ya ga Fazlan a bakin ƙofar harabar, tsaye, tulunta a hannu.

"Yaushe za a buɗe?" ta ce. Ba ta kira shi da komai ba.

A ransa ya hango ta ta faɗa kan akwatin tana ihu, ɗan sanda ya ce a dakata, a koma gaban alƙali.

"Ba a sa rana ba tukuna," ya ce.

Ta kama hanyar bayan gari. Mai matoya ya riga ya aiko mata cewa in ba ta dawo bakin aiki ba, akwai masu son ɗakinta.

Rab Nawaz ya aika gida a haƙa kabari kusa da na mahaifinsa. Direban tarakta da ya jawo tirela a bayan taraktarsa ranar Talata ya ce Manzuran ta tashi. Ta yi wanka, ta ci rabin gurasa, ta sa an jiƙa shinkafar da za a dafa wa masu zuwa jana'iza.

A makabarta su biyar ne: shi, da direban, da Ramzu, da ɗan sanda ɗaya, da Munshi Ashik da rajistarsa a hammata da hankici a hanci. Ramzu ya yi magana da ƙasa tukuna, a hankali, ya ce mata masu kaya sun zo. Sannan ya fara haƙa. Da suka ɗago akwatin da igiya, ɗan sandan ya ja da baya har jikin katanga. Ƙasa ta riƙe amana iyakar ƙoƙarinta, amma ba duka ba.

Ramzu bai taɓa wajen fuska ba. Ya sa wuƙa ya warware ɗinkin likkafanin ta gefen hagu kaɗai, ya ja da baya.

Rab Nawaz ya durƙusa. Ya fara daga babban yatsa ya bi su har ƙarami. Ya sake farawa daga ƙarami ya dawo. Babu wanda ya ɓace.

Abin da ya fara zuwa masa wani sanyi ne a ƙirji, har ya ji kunyar kansa: Liyakat ba ya nan. Wataƙila yana wani wuri, wataƙila wasu sun tsamo shi da rai, ya manta sunansa. Sai kuma ya tuna tsawon magudanar, da kogin da take zubawa a ciki, da garuruwan da ke bakinsa, kowanne da ƙarshen katangarsa.

"To, Baba?" in ji Munshi ta cikin hankici. "Rana na yi. Naka ne?"

Bai ɗago ba. "In na ce ba nawa ba ne fa?"

"A mayar, a rufe fayil. Mai so ya buɗe sabo, ya zo da takardunsa."

Ramzu yana tsaye ya dogara da shebur, idonsa a kan ramin. Shi ma ya ga hannun.

"In na ce nawa ne?"

"Ka sa hannu, in rubuta cewa Liyakat ɗan Rab Nawaz ya rasu, ka ɗauki gawarka." Munshi ya sauke hankicin kaɗan, ya dube shi sosai. "Ka fi ni sani, Baba. Wanda ya shiga rajistar nan ba ya fita cikin sauƙi, ko da ya zo da ƙafarsa ya tsaya a gabana."

Rab Nawaz ya sani. Ba gona, ba gado, ba katin shaida, ba ɗaurin aure a rubuce. Ya taɓa rubuta ƙara ga wani tsoho da aka rubuta ya mutu alhali yana raye, tsohon ya mutu da gaske kafin a kira ta.

Ƙuda sun fara taruwa. Ya dafa gefen akwatin ya miƙe da ƙyar, ya karɓi alƙalamin.

"Nawa ne," ya ce.

Ramzu ya sunkuya ya mayar da ɗinkin, bakinsa na motsi. Munshi ya busa tawada, ya rufe rajista, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Suka ɗora akwatin a tirela suka rufe shi da bargo, Rab Nawaz ya hau ya zauna kusa da shi, ya dafa murfin don kada ya yi ta bugawa.

A mararraba direban ya karkata zuwa hanyar ƙauye. Rab Nawaz ya bubbuga ƙarfen tirela.

"Ba nan ba. Bayan gari, wajen hayaƙin can."

Direban ya tsayar da tarakta ya juyo. "Lala, mutane na jira. An haƙa kabari tun jiya. Me za a ce wa Manzuran Bibi?"

"Ni zan ce mata."

"Lala, rana ta taɓa ka ne?"

"Juya."

Matoyar fili ne mai faɗi, da dogon bututun hayaƙi a tsakiya. Ɗanyen bulo a jere a rana, layi bayan layi, mata da maza a tsugune suna cusa laka a ma'auni suna kifewa. Fazlan tana can ƙarshen wani layi. Ta ɗago da jin ƙarar tarakta. Ta ga mutumin, ta ga abin da ke ƙarƙashin bargo. Ba ta tashi ba. Hannuwanta suka tsaya a cikin lakar.

Ya sauko, ya bi tsakanin layukan a hankali don kada ya taka aikin mutane. Waɗanda ya wuce suka daina bugun ma'auni ɗaya bayan ɗaya, har wurin ya yi tsit, sai ƙarar injin da direban bai kashe ba. Da ya iso gabanta ya tsaya. Ya kai hannu biyu ya sauke rawaninsa, ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa, a cikin laka, daidai ƙafafunta. Wata tsohuwa a layin kusa ta rufe baki da mayafi. Ba su taɓa ganin mai gona da kai a buɗe a wurin nan ba.

"Yatsunsa sun cika," ya ce.

Fazlan ta dubi rawanin, ta dubi tirelar.

"Ba ni da takardar da zan ba ki. A takarda nawa ne, haka zai zauna. Amma ga shi nan. Ki duba da idonki, ki sa shi inda kike so." Ya sunkuyar da kai. "Na san ranar, na ce miki ba a sa ba. Abin da na faɗa kuma a gaban alƙali..."

Ta zare hannuwanta daga cikin lakar, ta riƙe su a gabanta suna ɗiga.

"Kin haife shi," in ji Rab Nawaz, da ƙarfin da na ƙarshen layi ma za su ji. "Ki yafe mini, Fazlan Bibi. Ki yafe mini."